Ustaz Ɗantani, Wanda Ya Kayar da Ɗana Sau Uku

Kullum bayan sallar asuba Ustaz Ɗantani yakan fito daga gidansu da ke bayan Kasuwar Umdurman, ya hau hafla, ƙaramar bas ɗin haya, ya ƙetare gada zuwa Khartum. Shekara goma sha tara ina ganinsa yana sauka a wuri ɗaya, da farar riga mai gajeren hannu, da asuwaki a aljihun gaba. Ni ce mai shayin da ke zama ƙarƙashin dalbejiya a harabar makarantar koyon tuƙin jirgin sama, kusa da filin jirgi. Sunana Hadizatu, 'yar Umbadda. Shi ne yake fara zama a kujerata tun gawayi bai gama kamawa ba. Shayi ba madara, sukari cokali ɗaya, zalabiya biyu, irin fanken nan. Da Larabci yake magana da kowa a wurin, amma ni da Hausa, don kakanninsa ma a hanyar Makka suka tsaya a nan, kamar nawa.

Kafin ya kurɓa sai ya ce, "Hajja Hadiza, yaya 'ya'yana suka kwana?"

'Ya'yansa su ne ɗaliban. Ni kuwa sai in zuba masa labari, don mai shayi babu abin da ba ta ji. Wane ya yi faɗa da matarsa. Wane mahaifiyarsa na asibiti. Wane jiya ya sha kofi huɗu. Yana saurare yana gyaɗa kai, ni ina cewa a raina, Allah Sarki, mutumin nan akwai tausayi.

Karatuna bai yi nisa ba, kuma abin da zan faɗa daga ka nake faɗa. In na rikita wani abu na aikinsu, masu sani su gyara.

A cikin wani ɗaki mai sanyi akwai wani akwati babba a kan ƙafafun ƙarfe. Su simuleta suke ce masa, ni akwati nake cewa. Sau ɗaya na leƙa ciki. Kamar gaban jirgi yake, kujera biyu, maɓallai sama da ƙasa, tagoginsa kuma talabijin ne, amma kana zaune za ka rantse titin jirgi ne a gabanka. Yana karkata, yana girgiza, yana ƙara. A bayan kujerun biyu akwai ta uku, ita ce ta Ustaz. Da can shi ma matuƙi ne, ciwon zuciya ya sauko da shi ƙasa. Aikinsa a wannan kujera shi ne ya kashe wa yara inji.

Na daɗe ban gane ba. Yaya za a ajiye mutum, aikinsa kawai lalata abu? Wata rana na tambaye shi. Sai ya ɗauki kofi biyu ya jera a tire.

"Hajja, ɗauka karo ne, amalanken da jaki biyu ke ja. Na hagu ya faɗi. Ina karon zai nufa?"

"Hagu mana."

"Tamam. Jirgi mai inji biyu ma haka. Ɗaya ya mutu, ɗayan zai kai ki gida, don haka aka yi su biyu. Amma mara lafiyar dole a yanke masa mai, kar ya kama wuta, kar ya riƙa jan jirgin baya. To nan ake mutuwa. Ƙararrawa na ihu, jirgi na juyawa, matuƙi ya firgita, ya kai hannu ya kashe mai lafiyar."

"Ya yanka jakin da ke tsaye ke nan."

"Ya yanka jakin da ke tsaye. Ki zo ki karɓi kujerata, Hajja, kin fi rabinsu ganewa."

Yana da dokarsa da babu wani malami a wurin da ke yi. Ba a shiga akwatinsa da takalmi. Ya ce in inji ɗaya ya mutu, ƙafa ɗaya ce ke danna abin takawa da ƙarfi don hancin jirgi ya miƙe, ɗayar kuma tana zaune ba aiki. Wadda ke zaune, gefenta ne injin ya mutu. Yana so su ji wannan da tafin ƙafarsu tukuna, kafin su koyi jinsa ta cikin takalmi. "Tambayi ƙafarka," haka yake ta faɗa. Sannan numfashi uku, hannu a cinya. Sannan ka faɗa da ƙarfi, hagu ko dama. Sannan ka taɓa sandar injin, taɓawa kawai, sai abokin zamanka ya duba ya ce eh. Wanda ya yi gaggawa, asuwakin nan ne zai sauka a bayan hannunsa.

Saboda haka kullum takalma ke jere a ƙofar ɗakin, kamar ƙofar masallaci, ni nake gadinsu daga inda nake. Har na san takalmin kowa. In mutum ya fito ya zura ƙafa yana fito, ya tsira. In ya zauna a ƙasa yana ɗaure igiya ya kwance ya sake ɗaurewa, to ya mutu a ciki. Haka suke cewa. "Hajja, yau sau biyu na mutu, ƙara min sukari."

Akwai wani babban kaftin mai tumbi, shekararsa ashirin yana tashi, ya zo sabunta takarda. Ya ƙi cire takalmi. Ya ce shi ba sallah ya zo yi ba. Ustaz ya ce ba komai, ya shiga haka. Bayan rabin awa ya fito rigarsa sharkaf, yana zagin akwatin, wai na'urar ce ta lalace. Ustaz ya biyo shi a hankali ya ce, "Kaftin, na'urar lafiyarta ƙalau, fasinjojinka ne dai suke cikin kogin Nilu." Aka yi ta waya daga sama a kan ya sa masa hannu. Bai sa ba. Sati biyu kaftin ɗin yana zuwa, a rana ta uku da kansa ya miƙo min takalminsa ya ce, "Riƙe min, ya Hajja, kar ki gaya wa kowa." Ga shi yau na gaya.

Sai Layla. Ita kaɗai ce mace a ajinsu, ta sha asuwaki har ta yi kuka a kujerata. Bayan shekaru tana tuƙa wani ƙaramin jirgi mai farfela biyu, da mutum goma sha tara a ciki, suna tashi ke nan tsuntsu ya shige inji. Mataimakinta ya kai hannu kan sandar da ba ita ba. Ta buge hannunsa. Ta ce ita ba ta ma san ta yi ba, muryar Ustaz kawai ta ji a bayanta. Suka zagayo suka sauka da inji ɗaya. Ina nan zaune ranar da ta zo da kayan aikinta, ta tsaya gabansa cikin ƙura, ta cire takalminta duka biyu. Shi kuma ya ce, "Numfashi nawa kika yi?" Ta ce, "Biyu." Ya ce, "Saura ɗaya." Jarida ta buga hotonta. Sunansa bai fito ba, bai kuma nema ba.

Kai ne wannan, Ustaz. Mai kashe inji a ƙasa don kar a mutu a sama. Mutum nawa ne yau suke cin abinci da 'ya'yansu, ba su taɓa jin sunanka ba? Ni ban san adadinsu ba. Kai ma na san ba ka ƙirga ba.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki biro, kuma a nan ne kaina yake ɗaurewa.

Ina da ɗa ɗaya, Hamuda. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami. Ya yi karatu ya yi kyau, Ustaz ne ya ga takardunsa, ya yi ta zirga-zirga har ya samo masa gurbi a makarantar. Ranar da na ga takalmin ɗana a cikin layin nan, baƙi, sabo, na ƙona madara sau biyu.

Hamuda yana da hannu. In kofi ya zame daga tire, kafin ya kai ƙasa ya cafe. Duk Umbadda an san shi da wannan, ni kuma ina alfahari. Komai na jirgi ya iya, malamai suna yabonsa. Amma da inji ya mutu a akwatin, sai hannun nan ya riga shi. Sau biyu yana kashe mai lafiyar. Ustaz ya ce min, "Ɗanki ya fi su duka kai, amma hannunsa ba ya jiran kansa."

Saura gwaji ɗaya, a watan Rajab. Wanda ya ci, za a tura shi ƙasar waje ya ƙarasa a jirgin gaske. Ana saura kwana uku, yarinyar da yake so, Shahd, ta aiko masa cewa ta fasa. Ya ƙi cin abinci. Da safe na ce wa Ustaz, "Don Allah ka lallaɓa shi kwanakin nan, zuciyarsa ba ta tare da shi." Na gaya masa komai, har sunan yarinyar. Ya ce, "Na ji, Hajja."

A ranar ya yi masa gwajin. Bai jira kwana ukun ba. Hamuda ya ba ni labari daga baya. Jirgi na gudu a titi, hanci ya ɗaga ke nan, sai ya ji daga baya an ce, "Hamuda, yaya Shahd?" Inji ya mutu. Hannu ya tafi, ya sake kashe mai lafiyar.

Ya fito bai ko kalli takalminsa ba. Da safa ya bi titi har tashar hafla.

A lokacin ne na gane tambayar da yake min kowace safiya, shekara goma sha tara. Na tashi da ludayi a hannuna, a gaban kowa.

"Ashe leƙen asiri nake maka! Ni ina ba ka labarin yara don ka tausaya, kai kana zaɓen ranar da za ka yanka su!"

"Hajja, inji ba ya tambayar matuƙi ko ya yi barci jiya."

"Ɗana ne, Ustaz!"

"Shi ya sa. Wata shida. Ya dawo bayan wata shida, ni da kaina zan zauna da shi."

"Ka sa masa hannu, zai gyara a can."

"A can akwai mutane a bayansa."

Daga ranar ban sake zuba masa shayi ba. Shi kuma bai fasa zuwa ba. Kullum sai ya zauna a kujerar nan, ya gaishe ni, in yi kamar ban ji ba, ya yi zamansa gwargwadon shan kofi ɗaya, ya tashi. Ranar Juma'a kuma bayan masallaci sai ga shi a gidanmu a Umbadda. Ya zaunar da Hamuda a tsakar gida, bulo biyu a ƙarƙashin ƙafafunsa, cokali biyu a soke cikin bokitin yashi, wai su ne sandunan inji. Suna hirar ƙwallo, sai ya daka tsawa, "Ya mutu!" In ji tas, asuwaki ya sauka. Maƙwabta suna leƙe ta katanga suna dariya, suna cewa ɗan Hajja ya koma tuƙa bokiti. Ni ina madafa, ko ruwa ban kai masa ba.

Abokan Hamuda da suka ci suka tafi a watan Sha'aban. Shi ya karɓi rakshar wani maƙwabcinmu, babur ɗin haya mai ƙafa uku, yana ja kafin wata shidan. Na kawo masa takalminsa gida, ya ce, "Yumma, ajiye. Ranar da zan koma zan sa."

A goman ƙarshe na azumi yaƙi ya tashi, kuma daga wajen filin jirgin ya fara. Kujeruna da butocina suna can, ban sake ganinsu ba. Da damina ta zo, wata ranar Talata da hantsi, dana ta faɗo kusa da Kasuwar Libiya, irin bam ɗin nan da ake harbowa daga nesa. Hamuda yana kan hanya da fasinja. A cikin rakshar aka kawo min shi. Ba a iya kaiwa maƙabarta ba, a filin da yara ke ƙwallo a bayan gidanmu muka binne shi.

Kwana biyu bayan haka Ustaz ya zo gaisuwa. A ƙafa ya zo, ya ratso shingayen masu bindiga, mai ciwon zuciya, leɓensa ya bushe. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Hajja, da na sa masa hannu..."

Na ce, "Eh. Da ka sa masa hannu."

Na juya fuskata bango. Na ji shi ya daɗe a tsaye, sannan na ji tafiyarsa.

To ku gaya min, ku masu karatu. Da ya sa hannu, da ɗana yana can ƙasar waje da abokansa, da ransa. Wannan gaskiya ne. Da ya sa hannu, wataƙila wata rana hannun nan ya kashe inji mai lafiya da mutum hamsin a baya. Wannan ma gaskiya ne. Da ban buɗe bakina na faɗi sunan Shahd ba fa? Na san kwana ya ƙare, na san Allah ne ya rubuta, ina faɗa a kowace sallah. Amma da na shafa addu'a sai lissafin ya dawo, in fara daga farko, kuma kullum wuri daban yake kai ni.

Daga baya muka gudu arewacin Umdurman, ni da shi duka, unguwa ɗaya, ba shiri. Akwai takiyya a wurin, inda ake dafa wa jama'a abinci kyauta. Can yake yanzu. Bayan asuba yakan zo ya ɗauki muciya ya tsaya kan tukunyar adas, miyar wani ƙaramin wake, har azahar. Masu layi da kwanukansu suna ce masa Baba mai adas, ba su san ko shi waye ba. Asuwakin ba ya aljihunsa. In ya hango ni sai ya sunkuyar da kai. Da aka samu hanyar Khartum, waɗanda suka je sun ce akwatin yana nan a kan ƙafafunsa, amma an farke cikinsa an zare wayoyin kaf.

Watan jiya Layla ta zo daga Bur Sudan. Ta ce sun haɗa wani ƙaramin akwati a can, ba ya girgiza kamar na da, amma yana aiki. Akwai yara sababbi, babu mai koya musu mutuwar inji yadda ya kamata, malaman duk sun watse ƙasashe. Ta roƙe shi ya zo ko na shekara ɗaya. Ya ce mata ya gama. Ya ce shi ba zai sake zama a bayan ɗan kowa ba.

Matarsa Su'ad ce ta zo ta same ni. Ta ce, "Yaya Hadiza, kalma huɗu kika gaya masa, a kansu yake zaune har yau. Ba zai tashi ba sai ke kin ɗaga shi." Na ce ba huɗu ba ne. Ta ce, "To ki ƙirga, ni dai ki zo." Sau biyu ina zuwa ƙofarsu, sau biyu ina juyawa. Bakina ba zai iya ba. Shi ya sa na rubuta, Layla ta ce za ta sa a karanta masa, ta kuma sa inda mutane za su gani.

Ustaz, akwai abin da ban gaya maka ba, ban gaya wa kowa ba.

Bara wata mata ta neme ni a takiyya, sunanta Amna. Ita ce fasinjar Hamuda a ranar, da 'ya'yanta mata biyu. Ta ce da dana ta farko ta faɗo, kowa ya watse, masu raksha suka juya da gudu suka nufi cikin kasuwa. Ita tana ihu tana dukan bayansa ya bi su. Sai ta ga ya tsayar da raksha, ya ɗauke hannayensa duka biyu ya ɗora a cinya. Ta ce ta ɗauka ya haukace. Yana numfashi, kansa a karkace yana saurare. Sannan ya ce da ƙarfi, kamar mai gaya wa wani a bayansa, "Dama!" Ya fizgo su ya tura su cikin kwalbatin da ke hagu, ya tsaya a bakin. Ta biyu ta faɗo a dama, daidai inda sauran suka nufa. Ƙarfe ɗaya ne ya zo har inda yake.

Ta kawo min yaran na gani. Ƙaramar tana da wushirya.

Shekara guda ina riƙe da wannan, ban san me zan yi da shi ba. Wata rana in ce, ka ga, Ustaz ya gyara hannun, mutum uku sun rayu. Wata rana in ce, da hannunsa na da ne, da ya yi tsalle ya shige kwalbatin kafin kowa. Wata rana in ce da ya bi sauran da duk sun tafi, har yaran. Ban sani ba. Ina jin ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne ya yi numfashinsa uku, ya faɗa da ƙarfi, kuma bai yi kuskuren gefe ba. Ɗalibinka ya ci, Ustaz. A bokitin yashi ka koya masa.

Ba zan ce na yafe maka ba, don har yanzu ban gane ko akwai abin yafewa ba, ko kuwa ni ce zan nema. Maganar da na faɗa a ƙofar ɗakina dai na janye ta. Uwa ce ta faɗa, kwana biyu da binne ɗanta.

Na gode da zaman da ka yi a kujerata wata biyu ba shayi. Na gode da Juma'o'in nan. Na gode, ko da yake harshena yana nauyi, da ka ƙi jin roƙona. Ku kuma da kuke da hannun sawa a takardar wani, a asibiti ne ko a gareji ko a ina, ku dubi mutumin nan. An yi masa waya daga sama bai sa ba. Na yi masa ihu da ludayi bai sa ba, kuma yana son yaron.

Takalmin Hamuda yana nan, shi kaɗai na ɗauko daga Umbadda. Na ba Su'ad. Ta ce zai yi maka ɗan yawa, na ce ka cusa takarda a gaba. Ka sa shi ka hau mota zuwa Bur Sudan, adas kowa ya iya juyawa. In ka isa ƙofar akwatin ka cire shi ka jera a layi da na yaran.

Za ka samu wani mai saurin hannu a cikinsu, ba a rasawa. Ka kayar da shi. Uwarsa za ta zage ka. Ka ba ta lambata, ni zan yi magana da ita, ko da yake ban san me zan ce mata ba tukuna.

Kafin ka tafi ka biyo da safe. Na samu gawayi. Sukari cokali ɗaya, ban manta ba.